Neman Kakan Rut a Duwatsun Adar

Zan fara da neman afuwa. Abin da zan ba da labarinsa ya kwana biyu, kuma na lura cewa idan mutum ya yawaita maimaita labari ɗaya, bakinsa yakan goge masa kaifi kamar yadda ruwa ke goge dutsen korama. Mai yiwuwa na ɗauki maganar wani na sa a bakin wani, ko na kawo abin da ya faru da bazara na ajiye shi a rani. Inda na tabbata zan ce na tabbata. Inda ban tabbata ba, shi ma zan faɗa.

Sana'ata bin salsala ce. Mutum ya zo ya ce kakansa daga wani gari yake a Adar, bai san garin ba, bai san dangin ba, ni kuma in bi sawu har inda sawun ya tsaya. Na yi karatun tarihi a jami'a a Yamai, na dawo Madawa ban sami aikin buro ba, wato aikin ofis, sai na faɗa wannan aiki. Samari sukan zo wurina yanzu da salula a hannu su ce, cikin ladabi dai, ai aikin nan ya mutu, tunda ana tofa yawu a kwalba a aika ƙasar waje a gaya wa mutum asalinsa. Ban ce ƙarya suke yi ba, don ban san aikin kwalbar ba. Abin da na sani shi ne kwalba ba za ta gaya maka wanda ya haƙa kabarin kakanka ba. Saboda su nake wannan rubutu.

Wanda ya koya mini aikin Mushe Arzika ne, Allah ya jiƙansa, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko (a wurinmu Mushe ake ce wa malamin boko), da ya yi ritaya ya shiga yawon ƙauyuka yana ɗaukar maganar tsofaffi. Damina guda da rani guda na yi ina binsa bai bar ni na yi tambaya ko ɗaya ba. Aikina ɗaukar jaka. A cikinta akwai manyeto, wato rikoda mai kaset, da pil, wato batir, a naɗe cikin tsumma don kada zafi ya shanye su, da goro, da sukari, da ganyen shayi, da garin taba domin tsofaffin mata. Yakan ce goron ya fi manyeton aiki. Idan muka shiga gida yakan nemi wurin zama da ya fi na mai gidan ƙasa, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya fara da ruwan sama da tsadar gero. Ba ya taɓa fara hira da mamaci. Na taɓa ƙosawa a wani gida a Azarori, na matsa kusa da shi na ce rana na yi. Ya dube ni ya ce, yadda kowa zai ji, ɗan jami'a na sauri, a ba shi fura ya kama bakinsa da ita. Aka yi dariya, tsohon gidan ya saki jiki, kafin azahar ya ba mu kakanni har hawa shida.

Aikin farko da na ga amfanin babbar dokarsa shi ne na wani ɗan kasuwa da aka haifa a Abijan. Ya zo yana neman dangin mahaifinsa, ya zazzage mana duk abin da ya sani a gaban jama'a: sunan uban Illa, yana ɗingishi, yana da ƙanwa makauniya. Kafin sati ya zagayo, garuruwa biyu sun ba mu Illa mai ɗingishi da ƙanwa makauniya. Mushe ya ce ba ƙarya mutanenmu ke yi ba, karamci ne. Ba sa son baƙo ya koma da hannu wofi, in ya ce kaka yake nema sai su ba shi kaka kamar yadda za su ba shi ruwa. Don haka dole mai nema ya ajiye abu ɗaya a aljihu, abin da ba zai faɗa wa kowa ba, har sai ya ji shi ya fito daga bakin wani. Ban taɓa karya wannan doka ba, a iya sanina.

Mafi yawan masu zuwa wurina ƴaƴan ƴan ci-rani ne, sai ɗalibai masu rubutun kammala karatu. Akwai masu rigimar iyakar gona, amma waɗannan nakan ba su haƙuri, don ba na son maganar tsoho ta zama sanda a hannun wani. Anasara ba su da yawa. A cikinsu wadda ba zan manta ba ita ce Rut.

Wani tsohon ma'aikacin asibitin mishan, Baba Iliya, shi ya aiko a kira ni, bayan rasuwar Mushe da ɗan lokaci. Na tarar da wata mata Ba'amurkiya zaune a tsakar gidansa, ba yarinya ba ce, ba tsohuwa ba. Da muka gaisa na ji tafin hannunta da kanta irin ta mai riƙe hauya. Manomiya ce. Faransancinta kaɗan ne, Ingilishina na jami'a ma ba abin alfahari ba ne, amma muka lallaɓa.

Ga abin da ta faɗa mini, yadda na fahimce shi. Kakanta sunansa Walta, ƙaramin manomi ne a wani yankin tuddai na ƙasarsu, yana da masara da ƴan shanu. Shekaru suka yi masa muni a jere har gonar ta fita daga hannunsa. Sai ya bi mutanen mishan zuwa nan, ba don wa'azi ba, don kula musu da lambu. Ya bar mata da ɗa guda da bai daɗe da fara tafiya ba, ya ce zai aiko su zo. Abin da ya iso musu daga baya shi ne labarin zazzaɓi ya kashe shi a wani ƙauye, ba wanda ya san wanne. Matar ba ta ƙara ambatonsa ba. Yaron ya tashi a hannun baffansa da yaƙinin cewa ubansa kunyar rasa gona ce ta kore shi, ya gudu ya manta da su. Wannan yaro shi ne mahaifin Rut, kuma a lokacin yana kwance da ciwon da likitoci suka ce ba tashi. Ba shi ya aiko ta ba. Cewa ma ya yi kada ta je, wanda bai neme shi ba me zai nema a wurinsa.

Abu biyu take so ta koma da su kafin mahaifin ya cika: inda aka binne kakan, da kuma ko ya taɓa ambaton ɗansa. Na ce mata na farkon wataƙila, na biyun kuwa kada ta sa rai, don ba a cika tuna irin wannan ba bayan shekaru masu yawa haka. Ta buɗe baki za ta faɗi sunan mahaifin nata, na ɗaga hannu na tsayar da ita. Na ce ta ajiye shi, ko ni kada ta gaya mini.

Sunan Walta bai buɗe mana ƙofa ko ɗaya ba. Tsofaffin da ke zaune kewayen asibitin sun tuna, sama-sama, da wani Anasara da bai son zaman cikin shinge, wanda aka ce ya yi arewa wajen duwatsu. A Buza aka ba mu labarin wani Anasara mai gemu da babur, muka bi sawunsa kwana da kwanaki, ashe Bafaranshe ne mai haƙar rijiya da ya zo daga baya can. Hutun Rut na ƙarewa. Duk sanda ta sami layi takan kira gida, ni kuma ba na tambayar ta me aka ce. Na fara shirya kalmomin da zan ba ta haƙuri da su.

Sai na tuna wata tambaya da Mushe kan yi wa masu nema idan suna ya ƙi: me hannunsa ke yi? Na tambaye ta. Ta ce duk mazan gidansu magina katangar dutse ne, ba laka ba siminti, haka suke kewaye gonakinsu, ita ma mahaifinta ya koya mata kamar yadda baffansa ya koya masa. Neman jerin duwatsu a Adar kamar neman rairayi ne a korama. Tun da manyan ayyukan tare zaizayar ƙasa suka zo, ba gangaren da ba a jera wa dutse ba.

Ranar kasuwar Babankatami tayar motarmu ta fashe. Muna jiran mai faci, Rut ta gaji da zama, ta tsuguna a gefen hanya ta fara tattara duwatsu don ta nuna mini abin da take nufi. Ba jeri ɗaya ta yi ba irin wanda na saba gani. Fuska biyu ta tayar, kowace na ɗan jingina ciki, ta cika tsakaninsu da ƙananan duwatsu, sannan ta nemo wani dogo ta kwantar da shi ya ratsa daga wannan fuska zuwa waccan ya ɗaure su. Mutane suka taru. Wani mai jaki ya tambaye ni ko matar lafiya take, wani ya ce a'a, a ƙasarsu dutse ya ƙare ne ta zo ta gani ta ruɗe. Ana cikin dariya wata mai tallan fura ta sauke ƙwaryarta, ta leƙa, ta ce wannan ai ginin mutanen bisa tudu ne, su kaɗai ke wahalar da kansu haka. Na sayi furar da ba na bukata, na tambaye ta wane tudu.

Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don ban nemi izininsu ba. Yana tsakanin Babankatami da Tamaske, inda mota ke tsayawa ƙafa ta karɓa. Mun hau da hantsi, ana dab da faɗuwar damina. Da muka zagaya wani ƙaton dutse na ɗaga kai, sai na tsaya. Gangaren nan duka, wanda a ko'ina cikin Adar da fako ne tsirara, an yanka shi hawa-hawa kamar matakala. Kowane hawa katanga ce ta riƙe shi, baƙa ƙirin don tsufa, wasu sun kai ƙugun mutum, kuma a bayan kowace ƙasa ce mai laushi ta taru har baki, da kututturan geron bara a tsaye. Na yi shekaru ina karanta tarihi a takarda, ban taɓa ganin an rubuta shi da dutse a jikin tudu ba sai ran nan. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba.

A hawa na tsakiya wani magidanci mai furfura yana gyaran inda ruwan bara ya ɓalle. Sunansa Nomau, shi ne mai gonar. Kafin in gama tuɓe takalmi in yi sallama yadda ya kamata, Rut ta wuce ni ta tsuguna kusa da shi ta miƙa masa dutse. Kunya ta kama ni ƙwarai. Shi kuwa ya karɓa, ya juya shi a hannu, ya sa shi ya zauna daram. Ta miƙa na biyu, ya duba ya jefar, ya girgiza kai. Ta yi dariya ta ɗauko wani. Suka yi ta yi, ba mai jin harshen wani, ni tafinta ina tsaye ba aikin yi. Can ya dube ni ya ce:

"Ɗan lakwal, wa ya koya ma matar ga? Ta san ɗaya bisa biyu, biyu bisa ɗaya."

Na fassara mata. Ta ce da waɗannan kalmomin mahaifinta ya koya mata, a harshensu. Na tambayi Nomau wa ya koya masa, ya ce ubansa. Wa ya koya wa uban? Ya karkaɗe hannu ya ce wannan sai tsohuwa.

Tsohuwar ita ce mahaifiyarsa, Cima. Idonta ya yi rauni amma kunnenta da bakinta garau. Mun same ta a inuwar rumbu tana ɓarar gujiya. Na zauna ƙasa, na ajiye goro da garin taba, na shiga ruwan sama da tsadar gero kamar yadda aka koya mini. Ta bar ni na yi ta zuba, tana amsawa, har ta gaji.

"Kai mijina," ta ce, "ka sha zagaye kamar akuya a turke. Anasaran da yay yi muna katanga kuka zo tambaya, ko ba shi ba?"

Na ce shi ne, ko ta tuna wani mai suna Walta. Ta maimaita sunan sau biyu, ta taɓe baki, ta ce ba ta taɓa jin shi ba. Na ɗauka wani Bafaranshen muka sake samu.

"Mu dai Baban Tomi munka sani," in ji ta.

Na juya zan gaya wa Rut cewa sunan bai dace ba. Ban kai ga buɗe baki ba. Ta riga ta ji abin da ta ji a tsakiyar Hausar da ba ta sani ba, ta dafa ƙasa da hannu biyu kamar wadda tudun ke motsi a ƙarƙashinta. Ta nuna ƙirjinta ta ce mahaifinta ke nan. Abin da ke aljihu ya fito daga bakin wani.

Cima ta ce lokacin tana amarya ne, kafin mutanen gidansu su kama salla. Ya zo ya ga ruwa na cinye musu gonaki, ya roƙi mai gari ya bar shi ya zauna. Da farko sun ɗauka taɓaɓɓe ne, sai da katangar farko ta riƙe ƙasa damina guda, sannan maza suka bi shi. Na tambaye ta yadda aka yi ya sami wannan suna. Ta tuntsire da dariya har gujiyar ta zube.

"Mutumen kirki, amma kunya babu ko ta anini. Ɗan hwarinai hwa! Shi buɗe baki gaban manya da yara shi ce Tomi ya yi kaza, Tomi ya hidda haƙora, in Tomi yaz zo shi ne za ya hau jakin ga. Sahe da marece. Mu amare sai mu ruhe baki da zane mu ruga bayan rumbu mu yi dariya. Surukata har tac ce a hwaɗa mishi shi bari, kar baki shi kama yaron. Anka hwaɗa mishi, yac ce to. Gari na wayewa ya koma."

A duk shekarun da na yi ina fassara, ban taɓa jin nauyin magana kamar wannan ba. Ta yaya zan ce wa mata kakanta marar kunya ne? Na yi tunanin in sassauta, sai na ga ba ni da wannan iko. Na faɗa mata kalma da kalma. Sannan na bayyana mata cewa a wurinmu uba ba ya kama sunan ɗansa na fari, sakayawa yake yi, ya ce yaron nan ko wancan, kuma a ƙauye irin wannan a wancan zamani abin ya fi haka tsanani. Don haka abin da ya sa tudun nan bai manta da kakanta ba, ban da katanga, shi ne ya kasa rufe bakinsa a kan sunan ɗansa, har sunan ya cinye nasa. Ta sa na maimaita. Na maimaita.

Game da kabarin, dole in yi taka-tsantsan. Cima ta ce zazzaɓi ya kama shi da kaka, ya cika kafin a kai labari asibiti, mijinta na cikin waɗanda suka haƙa masa, a kwanar katangar da ta fi kowace bisa. Mun hau mun gani. Ba alama, sai dai katangar ta fi kauri a nan. Ita ta ce duk mai gyara yakan bar dutse ɗaya a wurin, shi ya sa. Nomau ya ce a'a, ruwa ne ke dukan kwanar, dole a ƙara mata. Akwai kuma wani gini zagayayye da bai wuce ƙirji ba, inda ake ɗaure awaki. Cima ta ce ɗakin da ya fara yi wa iyalinsa ne, wani tsoho a garin ya ce gindin rumbu ne. Na ba Rut maganganun duka biyu, ban zaɓa mata ba. Ta sa dutse ɗaya a kwanar, Nomau ya ɗan gyara masa zama.

Kafin mu sauka na kunna manyeton Mushe, Rut ta roƙi Cima ta faɗa wa mahaifinta wani abu. Tsohuwar ta sake ba da labarin duka, da dariyarta, sannan ta matso da baki kusa da akwatin kamar mai kiran wani a hayin korama.

"Tomi, ka makara. Jakin ya mutu. Amma jikokinai na nan, in ka zo ka zaɓa."

Na kwafi kaset ɗin biyu a Madawa, Rut ta tafi da ɗaya.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a aikina. Gero bai yi ba, samari suka watse ci-rani tun kafin girbi, sanƙarau ya shiga ƙauyuka da rani. Tsofaffin da nake dogara da su suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, Cima na cikinsu. Da damina ta dawo kuma, rufin ɗakin da nake ajiya ya rufta a kan akwatin kaset, nawa da na Mushe duka. Na shanya su a rana, na goge, na sa fensir na juya. Kaɗan ne suka sake magana, kuma na Cima ba ya ciki. Masu cewa aikin nan sauƙi ne ba su taɓa riƙe muryar mamaci a hannu tana ɗigar laka ba. Na yi niyyar bari in nemi koyarwa.

A ƙarshen wannan shekara Baba Iliya ya sake aikowa a kira ni. Wani likita da ya dawo daga hutu ya kawo mini ƙunshi daga Rut, da saƙon baki. Ta iske mahaifinta da rai. Da farko ya juya fuska bango ya ce ba ya son ji. Ta kunna duk da haka, ba ta fassara komai ba. Ya ji wata tsohuwa a wata duniya tana magana da harshen da bai sani ba, tana dariya, kuma sunansa na fitowa a ciki, yana sake fitowa. Ya juyo ya tambayi me take cewa. Da aka kai wurin jakin, in ji likitan, ya yi dariya har sai da aka ɗaga shi zaune. Ya rayu ƴan makonni bayan haka, kuma kullum sai an kunna masa. A cikin ƙunshin akwai kwafin muryar Cima. Na kai wa Nomau, muka saurara tare a inuwar rumbun nan, da ta ƙare ya ce in sake sawa.

Ban san dalilin da ya sa Walta ya bar ƙasarsu ba, kuma ba zan rantse cewa ƙasusuwansa na ƙarƙashin kwanar nan ba. Na ji an ce akwai wani tsoho wajen Keita da ke cewa a can aka binne wani Anasara magini, ban samu na gan shi ba. Idan akwai wanda ya yi aiki a tudun nan yana yaro, ko ya ji daga iyayensa, ko ya ga na sa magana inda ba wurinta ba, ina roƙonsa ya neme ni a Madawa ya gyara mini, ko ya aiko wani. Zan zo da goro, zan zauna ƙasa. Sai dai ina da abu ɗaya da Cima ta faɗa wanda ban rubuta a nan ba, kuma zan jira in ji shi daga bakinsa.